Ranar da Aka Ce Ban San Baba Idi Ba

Har yau ban manta da rana ta biyu ta zaɓen da na yi aikin arif a unguwarmu ta Umdurman ba. Ga wanda bai sani ba, arif shi ne mutumin unguwa da ake zaunarwa kusa da teburin rajista. Idan mai zaɓe ya zo ba shi da takardar shaida, sai a tambayi arif ko ya san shi. In ya ce ya sani, a ba mutum ƙuri'a. Lokacin ban iya karatu ba, ɗinki nake yi a kasuwa. An ɗauke ni ne don babu gidan da ban taɓa auna wa riga ba.

Ranar farko aiki ya tafi lafiya. Tsofaffinmu da suka taso daga gonakin audugar Jazira yawancinsu ba su da takarda, kuma duk na shaide su.

Washegari da safe shugaban rumfar zaɓen, wani malamin makaranta da muke kira Ustaz, ya tara mu ya karanta wata takarda da ta zo daga sama. An canza ƙa'ida. Daga yau shaidar arif ita kaɗai ba ta isa ba, sai mutum ya kawo takardar zama mai hatimin kwamitin unguwa. Wakilin ƙaramar jam'iyya ya ce shi yanzu ya fara jin wannan. Wakilin babbar jam'iyya kuwa ko kai bai ɗaga ba, shayinsa kawai yake sha.

Da hantsi sai ga Baba Idi yana dogara sanda. Aminin mahaifina ne, shi ya yanka ragon sunana. Na miƙe na ce na san shi.

Ustaz ya ce, “Ya Sale, sanin naka ya ƙare jiya.”

Na ce, “Ustaz, matarsa ta yi zaɓe jiya da shaidata. Ɗaki ɗaya suke kwana.”

“Jiya ke nan. Ya kawo takarda.”

Baba Idi ya yi dariya ya ce, “To, Sale, ashe tsohuwar ce 'yar ƙasa, ni baƙonta ne. Bari in je in dawo.”

Bai dawo ba sai bayan azahar, rigarsa sharkaf da gumi. Ofishin kwamiti a kulle yake. An ce masa hatimin yana cikin tantin da babbar jam'iyya ta kafa a bakin titi. Da ya je can, ya tarar da takardu jibge, an riga an buga musu hatimi, suna kawai ake cikewa. Suka ba shi kujera da ruwan sanyi, sannan suka tambaye shi alamar da zai dangwala wa. Ya ce wannan tsakaninsa da Allah ne. Sai suka ce takarda ta ƙare.

Ina zaune ina kallo, rakasha, wato babur mai ƙafa uku, na sauke mutane daga tantin nan, kowa da takardarsa sabuwa fil. Wasu na san su. Wasu kuwa tun da nake ban taɓa ganin fuskarsu ba, kuma ba wanda ya tambaye ni. Baba Idi yana gindin bango yana jira ko za a sassauta. Ba a sassauta ba har aka rufe.

Da za mu tashi Ustaz ya miƙo wata takarda ya ce in dangwala, shaidar na zo aiki ce. Na dangwala. A bakin ƙofa wakilin ƙaramar jam'iyya ya tare ni ya ce, “Ka san abin da ka sa wa hannu? Cewa aka yi arif ya tabbatar duk wanda aka mayar ba a san shi a unguwa ba.”

Na je na faɗa wa Baba Idi da bakina, don kada ya ji a wani wuri. Ya dubi babban yatsana mai tawada, ya dubi nasa fari tas. Ya ce, “Ba komai, ɗana. Ko banza ɗayanmu ya dangwala.”

Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ni mutum ne mai haƙuri, amma wannan abin har gobe yana ƙona mini rai. Abin da na koya shi ne, idan aka canza ƙa'idar zaɓe ana tsakiyar aiki, akwai waɗanda suka san da ita tun kafin a karanta mana, kuma su ne ke riƙe da hatimi. Ku masu tasowa, in an sa ku wannan aiki, ku tambayi wa sabuwar ƙa'ida za ta bari a waje. Ni dai bayan nan na shiga ajin karatu na manya, da furfurata. Yanzu duk takardar da aka miƙo mini sai na bi ta layi-layi, ko mai ita zai wuni a tsaye. Baba Idi ya rasu ba a sake buɗe rumfar ba, kuma a wata takarda, a wani ofis, yatsana yana nan yana cewa ban san shi ba.