Wa zai huta a kujerun?

Na fito daga taron gyaran bakin rafin unguwarmu a Chanchaga, kaina kamar zai tsage. Tun hantsi muke zaune, maza zalla, ana nuna mana zanen fulawoyi da kujerun siminti. Wai jin ra'ayin jama'a ake yi.

Da na gangara rafin, sai ga Goggo Asabe, ƙanwar babana, a duƙe tana wanki a kan falalen dutsen da ta saba tun ina goye.

"Ɗan nan, me kuka yanke?"

"Za a fasa dutsen nan, Goggo, a jera kujerun hutawa."

Ta matse zani, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wa zai huta?"

Na ce ai kowa aka gayyata.

"Da hantsi? In bar wankin mutane a ruwa in tafi taro?"

Na duba. Masu wanki, masu jiƙa rogo, masu ɗiban ruwa, duk suna nan. Mu da muka yanke hukuncin, ko ƙafarmu ba ta jiƙe ba.

Wallahi na gaji. Jama'a, ku ma a wajenku haka ake tambayar ra'ayi, a tara waɗanda ba sa taɓa ruwan?