Yaya Tanko da Dutsen Tsakiyar Ruwa

Duk wanda ya san yayana Tanko a Madachi ya san ba ya hawa dutse da takalmi. Sai ya tuɓe su a gindin dutsen, ya jera su, ya yi sallama. In ka yi magana ya ce, "Kai da takalmi kake shiga ɗakin mutane?"

Wata rana wajen Kibiya ya sauko ya tarar biri ya ɗauke ƙafa ɗaya. Haka ya tako har gida, ɗaya sanye, ɗaya a ƙasa. Na ce, "Haba Yaya, yar da wannan mana!" Ya ce, "In ya dawo da ɗayan fa?"

Matarsa Larai ma ta gaji. Ta ce, "Malam, wai me ka ajiye a can sama?" Ya ce, "Shiru. Abin da babu a gidan nan." Ranar gayan tuwo ya ci!

Dutse guda ne ba ya wasa da shi. Muna samari ruwan dam ya cinye garinmu na asali, aka taso mu. Abin da ya rage sai dutsen bayan gari, tsaye a tsakiyar ruwa. Duk bazara in ruwa ya ja, sai ya bi kwalekwalen masunta ya je ya hau. Daga ƙololuwa ana hango kan wata busasshiyar tsamiya, kusa da kabarin mahaifiyarmu. Ita yake fuskanta ya yi addu'a. Mu kuwa sai dariya: "Tanko ya tafi gaida kifi!"

Shekarar da idonsa ya mutu ya ce in raka shi. Na bi ina mita. Ga santsi, ga ƙaya. Shi makaho yana gaba yana lalube, ni mai ido ina baya ina haki.

"Sule, cire takalmin nan! Dutsen bai san ka ba."

Da muka kai sama ya kama hannuna. "Ina tsamiyar? Juya ni wajenta."

Na duba, ruwa ne iya ganina, ko reshe babu. Na ce, "Yaya, bana ruwa ya rufe ta."

"To ta wane ɓangare take?"

Ban taɓa hawa ba, ina zan sani?

Ya saki hannuna a hankali. "Kai ma fa ita ta haife ka."

Sai ya fuskanci gabas ya yi addu'a, ya juya kudu, yamma, arewa. Da ya shafa ya ce, "Ko ta ina take, ta samu."

Bai ga ƙarshen daminar shekarar ba. Takalmin nan ƙafa ɗaya yana rataye a ɗakinsa har yau. Ni kuma gwiwa ta ƙi, iyakata bakin ruwa.

Ya Allah, Kai Ka san inda mahaifiyarmu take kwance. Ka jiƙan ta, Ka jiƙan Tanko, Ka sada su a Aljanna.