Baba Direba da Kwana ta Uku

Maigidana shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa babbar bas, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Da hannunsa na dama ya fara 'yar rawa sai kamfani suka sallame shi, da takardar yabo da agogon bango. Wata shida yana zaune a falo kamar buhun da aka jingine. Wallahi har na fara tsorata.

Ran nan sai ga shi da kwali a hammata, baki har kunne. Na buɗe, sai na ga 'yar mota, tsawonta bai fi kamu ɗaya ba, amma mai take sha, ƙararta kuwa kamar an ba sauro lasifika. Wai samari ya gani suna tseren irinta da rimot duk Asabar, a filin ajiye motoci na bayan tsohuwar masana'anta. Na ce, "Malam, da furfurarka?" Ya ce, "Tuƙi ai tuƙi ne."

Shi ke nan, teburin cin abincina ya tafi. Sukudireba, wayoyi, ƙananan kusoshi da nake tsinta da tafin ƙafa, wayyo ni! Samarin suka raɗa masa Baba Direba, ya karɓa hannu bibbiyu. Ya dawo da dariya, ya dawo da cin abinci har da neman ƙari, to me zan ce?

A bakinsa na san sarbo, wani ɗan inji mai girman kwalin ashana, shi ke juya tayoyin gaba idan an murɗa sitiyarin rimot. Wanda ya zo da motar, in ji shi, rago ne. Mutumin da ya saba kokawa da sitiyarin bas ina zai yarda da abu mai laushi? Ya je shago ya ce a ba shi mafi ƙarfi, mai haƙoran ƙarfe. Mai shago ya tambaye shi wane irin batir zai ciyar da shi, ya ce kar ya damu, batir batir ne.

Filin tseren yana da kwana-kwana har guda biyar. Ta uku ce muguwa, a matse take, an jera tsofaffin tayoyi a gefenta. Asabar huɗu a jere motarsa tana zuwa nan a guje, ya murɗa, ta ƙi, ta miƙe sambal ta afka cikin tayoyin. Ko zagaye uku bai taɓa haɗawa ba. Ya dawo gida ya ɗora ta kan gwangwanin madara, tayoyi a sama, ya murɗa hagu, ya murɗa dama. Tsaf! Ba inda take gardama.

A Asabar ta huɗu ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, "Motar lafiyarta lau. Hannun ne. Kamfani sun yi gaskiya." Ya ce zai bar wa Dogo motar, wato dogon makanikin nan mai rubuta sunayen masu tsere. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san in motar ta bar gidan nan, kujerar falo zai koma, kuma wannan karon ba zai tashi ba.

Da safiyar Litinin na ce to, tun da an daina, a ba ni teburina. Cikin fushi na sauke motar daga gwangwani na dire ta kan darduma. Shi kuwa rimot na hannunsa, ya kunna su, yana murɗawa a banza kamar mai sallama. A cikin motar akwai risiba, ɗan akwatin da ke karɓar umarnin rimot, da 'yar jar fitila a jikinsa. Sai na ga fitilar ta ƙifta.

Na ce, "Sake murɗawa."

Ya ce, "Don Allah ki ƙyale ni."

"Malam, na ce ka sake!"

Na danne motar da tafin hannu, ya murɗa, fitila ta mutu ɗif, sannan ta dawo. Na ɗaga motar sama, ya murɗa, fitila tana nan tar. Na ce, "Kai! Wannan ai ciwon ƙwan lantarkin kicin ɗina ne. Da na jona dutsen guga sai ya dushe. Ƙaton sarbon nan naka shi ke shanye wutar!"

Sai ya zabura, ko takalmi bai sa daidai ba, ya je ya aro mitar auna ƙarfin wuta wajen Dogo. Tayoyi a sama, lamba tana tsaye. An danne mota, lamba ta rufto ƙasa. Ashe ɗan batir guda ne ke ciyar da sarbo da risiba. A iska tayoyi ba su da nauyi, amma a kwana, da gudu, ƙaton sai ya zuƙe wutar, risiba ta suma, motar ta kurumce. Wata guda mutumin nan yana gwada mota a sama yana zagin hannunsa!

Shago tare muka je, don ban yarda da shi ba. Mai shago ya ce ƙaramar mota sauri take so a kwana, ba ƙarfin bas ba. Sai da suka yi musu kamar za su ba hammata iska, kafin ya haƙura da matsakaicin sarbo mai saurin juyi, da batir mai ƙwaya biyar maimakon huɗu, bayan an tabbatar risiba za ta iya ɗauka. A ƙasan shagon na sa aka gwada, ina danne da motar.

Ranar Asabar na bi shi filin. Motoci tara, ƙara kamar kunne zai fashe. Aka saki! Tasa ta bakwai a kwanar farko. Ta nufi ta uku, na dafe ƙirji, na ji kaina ina ihu, "Murɗa, Malam, murɗa!" Ta kwanta, ta shafi gefen taya, ta wuce fiu! Samari suka ɗau sowa, ni kuwa na manta shekaruna, na yi ta tsalle. Zagaye goma sha biyu, kwana ta uku sau goma sha biyu, ko sau ɗaya ba ta ƙi shi ba. Na huɗu ya zo.

Samari suka yanyame shi, kowa "Baba Direba! Baba Direba!" Shi kuwa ya miƙo mini hannun, yana ta rawarsa kamar kullum. Ya ce, "Kin gani? Bai daina ba."

Na ce, "To sai me? Ai hannun nan shi ya kawo ta."

Dogo ya zo da littafinsa ya ce, "Baba, in sa ka a na mako mai zuwa?"

Ya ce, "A'a. Ba ni biron."

Ya dafa littafin a kan cinya ya rubuta sunansa da kansa, a karkace, harafi na hawa kan harafi. Na juya baya da sauri kar samari su ga matar Baba Direba tana hawaye.