Murfin Tukunyar Roba

Jikata tana da shekara huɗu lokacin da ta fara yin Sallah a gidan da ba nawa ba. Ɗana, mahaifinta, ya rasu tana goye. Uwarta ta zauna da mu a Birnin Kebbi har yarinyar ta wuce shekara uku, sannan ta yi aure a Argungu ta tafi da ita. Ban hana ba, yarinya ƙarama wurin uwarta ta fi dacewa. Abin da ya rage mini shi ne wasan kaka da jika. Ina ce mata amarya, tana ce mini tsohon ango. Ban so wannan ma ya kuɓuce mini ba.

Ana cikin azumi na shiga shagon wata 'yar kudu a unguwar Nasarawa, na ce abin wasa nake nema wa jikata. Ta daɗe a garin, Hausarta ta Kabawa ce sak.

"Alhaji, ɗiyar shekara nawa?"

Na faɗa mata. Ta miƙo mini wayar wasa mai walƙiya da kiɗa. Na juya bayanta, murfin batir ya buɗe da ɗan farce, ga batura ƙanana kamar maɓallin riga. Na mayar. Ta kawo 'yar tsana, na ja idonta ya biyo hannuna. Ta kawo duwatsun wuya na roba, na ce waɗannan a hanci za su ƙare.

"Kai, Alhaji! Abin wasa kaka saye ko ragon layya? Saura ka duba haƙora."

A ƙarshe na ɗauki kwalin kayan girki: tukwane da murafunsu, murhu, ludayi, muciya, turmi da taɓarya. Babu wanda zai shiga bakin yaro. Na bi gefen kowanne da yatsa, ban ji kaifi ba. Ina da wani dalilin kuma. Kafin su tafi, yarinyar takan dafa mini tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir. In taɓa, in ce babu gishiri, ta ce ai ban kawo cefane ba. Na so ta sake dafa mini, a tukunyar da ni na saya.

Washegarin Sallah na shiga mota zuwa Argungu. Gidan babba ne, mijin uwarta da 'yan'uwansa duk a ciki suke da iyalansu, mahaifiyarsu kuma ita ke riƙe da gidan. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, aka kawo fura. Yara suka fito cikin anko, da ƙyar na tsinto tawa a cikinsu. Ita ce ta rugo.

"Tsohon ango! Mi ka kawo min?"

"Amarya, tun da kin yi yaji, ai biko na zo."

Na ɗora mata kwalin a hannu. Ya kusa rufe mata fuska. Sauran yaran suka matso, suna kallon hoton da ke jikinsa. Sai tsohuwar gidan ta ajiye carbinta.

"Malam, wanga kwali duk na mutum guda ne?"

Na ce na jikata ne, na zaɓe shi daidai shekarunta.

"To, mu gidan ga ba mu da agola. Abin da anka kawo ma guda, an kawo ma kowa."

Ta karɓa ta buɗe, ba faɗa, ba ɗaga murya. Ta ba wannan tukunya, ta ba wancan murhu. Taɓarya ta faɗa hannun wani yaro da ya fara bugun ƙannensa da ita nan take. Jikata aka bari ƙarshe, don kada a ce an fifita ta. Murfin tukunya ta samu, ja, guda ɗaya.

Na zaci za ta yi kuka. Da ta yi, da na sami abin faɗa. Sai ta ɗaga ido ta dubi uwarta, ta ga abin da ke fuskarta, ta riƙe murfin ta ce ta gode. Yarinya 'yar shekara huɗu ta riga ta koyi duba fuska kafin ta yi kuka, kuma ba a gidana ta koya ba.

Uwar ta rako ni har zaure. Ta durƙusa kamar yadda ta saba tun tana surukata.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri da abin da zan ce. Kullum ƙoƙarina su manta ba ɗiyarsu ce ba. Yau ka tuna musu."

Na ce yarinyar tana da gidan uba, kuma bai kamata ta manta ba.

"Na sani, Baba. Amma nan take kwana."

Na yi mata sallama, na nufi tasha.

Tun daga wannan Sallar, ledar balan-balan nake saya da usur na roba. Na san balan-balan ba abin ba ƙananan yara ba ne, in ya fashe sukan tsotsi guntunsa. Amma shi ne ke isar kowa. Mai shagon ta daina tambayata shekara nawa, yara nawa take tambaya.

A Sallar bara yaran suka yi layi a gabana, ina miƙa wa kowa nasa. Jikata na tsakiya, ta yi tsawo, tana riƙe da hannun wata ƙanwarta. Da ta iso na ce, "Amarya, ba girki bana?"

Ta dubi na bayanta, ta ɗan yi murmushin kunya, ta karɓi nata.

"Mun gode, Malam," ta ce, ta matsa don na baya ya karɓa.