Takardar da Na Ninke Wata Uku

Mun tashi daga Tungan Maje ana idar da sallar asuba, ni da samari shida da nake horarwa, muka nufi Gwarinpa. Wani kulob na wasan hoki na ƙarƙashin ruwa ne zai gwada su, ya ɗauki wanda ya cancanta. Ga wanda bai san wasan ba, mutum shida-shida ne ke nutsewa a kwamin iyo, kowa da 'yar gajeriyar sanda, ana tura wani faifan dalma a ƙasan ruwa har a shigar da shi gidan abokan karawa.

Shekara ashirin na yi ina nutso ina ɗebo yashi a kogi, kuma sana'ar samarin nan ke nan. Shi ya sa kocin kulob ɗin, wani mutumin Filato, ya damƙa mini su wata uku da suka wuce. Da na yi masa alfaharin na shiga ajin yaƙi da jahilci, sai ya zauna ya rubuta mini tsarin horon da Hausa, shafi guda. Na karɓa, na gyaɗa kai, na ninke. Alhali a lokacin da ƙyar nake haɗa baƙi. Kunya ta hana ni kai wa malamin ajinmu, sai na koya musu abin da na sani: a nutse, a daɗe.

A Zuba kwandasta ya ce buhun takalman iyonmu ya cinye kujera guda, sai mun biya masa kuɗin mota kamar mutum. Muka biya. A Dei-Dei manyan motocin rodi da siminti sun cushe hanya, ga wani Bafulatani yana ratsawa da shanunsa hankali kwance. Nan muka sayi ƙosai ta taga, ƙanana kamar goro, amma farashin na manya.

Gwarinpa kuwa kowane layi kamar ɗan'uwansa, sau biyu muna wuce wurin. Maigadi ya dube mu sama da ƙasa, ya tambaya ko gyaran famfo muka zo. Da muka shiga, ruwa garau, yana warin magani. Ɗaya daga cikin samarin ya ce yau ce rana ta farko da ya ga ƙafarsa a cikin ruwa.

Aka busa usur. Mutanena suka nutse gaba ɗaya, suka daɗe har 'yan kallo suka fara tafi, ni kuma ina ta gyara hula. Sai numfashi ya ƙare musu lokaci guda, suka taso su shida suna haki. 'Yan kulob, har da mata biyu, suka sauka abinsu suka tura faifan gidanmu, babu kowa a ƙasa. Su ba sa daɗewa: wannan ya nutse ya tura ya taso, wancan ya karɓe shi. Sau biyar ana yi mana haka. Gwanin cikinmu ya yi zuciya ya ƙi tasowa, sai da aka jawo shi yana tari, idanunsa jajur.

Kocin ya ja ni gefe. "Malam, ka karanta takardan kuwa?"

"Na karanta, oga," na ce, ina kallon silifas ɗina.

Bai ɗauki ko ɗaya ba. Ya ce mu dawo bayan wata biyu, ya sa aka ba mu shinkafa da kaza. Ban iya ci ba.

A hanyar dawowa cunkoso ya sake tsayar da mu a Dei-Dei. Na zaro takardar, duk ta yi laushi, na ɗora yatsa. Daga nan har Zuba ina kan layin farko. Ga abin da ya ce: "Kada kowa ya daɗe a ƙasa. A riƙa karɓa-karɓa."

Na karanta musu da ƙarfi, na gaya musu gaskiya duka. Na ce sun yi asarar yinin aiki da gurbi a kulob saboda girman kaina. Can wanda aka jawo daga ruwa ya ce, "To Kawu, layi na biyu fa? Ko sai mun wuce gida mun kai Gwagwalada?"

Mun iso gida da la'asar. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, kunyar tambaya da na guje wa a gaban malami ɗaya, ita na sha a gaban jama'a, kuma wasu suka biya. Ranar Litinin na kai takardar aji. Yanzu muna layi na huɗu.