Kaset ɗin da ke faɗin sunan mijin Kaka

Jiya jikata ta jawo wata tsohuwar kaset daga ƙarƙashin adakata, ta tambaye ni ko abin wasa ne. Na karɓa na girgiza. Wannan 'yar ƙarar ta roba ta mayar da ni cikin motar Baba.

Baba direban wani ɗan kasuwa ne a Filinge. Duk bazara, in zai kai hatsi da wake Yamai, yakan kwashe mu mu je gaida Goggo. Inna tana baya bisa buhuhuwa, ta fi kowa shan iska. Mu kuwa a gaba anka cusa mu: Baba, ni, Yaya, sai Kaka jikin ƙofa. Kaka ba ta yarda a sauke gilashi, wai iskar mota na shiga ƙashi. Ka ji warin man gazuwal na mota da man shanun kitsonta, cinyarka ta manne da ledar kujera, ba wurin miƙe ƙafa, ba halin cewa a tsaya.

Sannan ga kaset. Guda ɗaya ce tak, Kaka ke ɗauro ta a bakin zane. Wani mai gurmi ne anka ɗauka wurin gayya shekaru da yawa, yana wasa manoman ƙasarmu Kurfai ɗaya bayan ɗaya. In ta ƙare a juya, in ta ƙare a sake juyawa. Ni dai kuka nake ji kamar na akuyar da anka ɗaure.

Yaya yana lakwal, makarantar boko, a lokacin, kuma yana da tasa kaset a aljihu, kiɗan jita na samarin birni. Kowace shekara sai ya roƙa, kowace shekara Kaka ta ce kiɗansa kamar gwangwani ya faɗa rijiya. Shi kuma ya ce mai gurminta mura gare shi tun kafin a haife mu. Kaka ta dungure masa kai.

"Maigida, in ka gaji da ni ka sake ni, amma ka bar mini kaset ɗina."

Haka take kiransa, don sunan kakanmu marigayi anka sa masa. A wurinmu mace irin Kaka ba ta faɗin sunan mijinta, yana raye ko ya rasu. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Amma a tsakiyar waƙar mai gurmi yana kiransa, da ƙarfi, ya ce shi ne ke gama kunyarsa ya koma taya na baya. In anka zo nan sai Kaka ta juya fuska wajen gilashi. Sai da na girma na gane cewa don wannan wurin kaɗai muke shan sauran.

Wata shekara zafin ya wuce misali. Munka wuce Damana da nisa, sai muryar mai gurmi ta yi kauri, ta ja, ta mutu. Baba ya tsaya gefen hanya ya jawo kaset, zarenta ya biyo shi a cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Yaya ya sa hannu a aljihu, ya dubi Kaka, ya fitar da hannun ba komai. Har Baleyara kukan inji kawai muke ji, kuma wallahi shirun ya fi gurmin nauyi.

A Baleyara Inna ta zauna inuwar mota da reza da ɗan ƙaro. Ta yanke inda ya tauye, ta haɗa bakin biyu, ta naɗe da tsinke a hankali. Munka koma munka matsu. Gurmi ya tashi. Manoman sunka fara wucewa yadda sunka saba, Kaka ta gyara zama. Da anka zo wurin, sai waƙar ta yi tsalle. Daga mutumin da ke gaban kakanmu ta faɗa kan na bayansa.

Kaka ba ta juya wajen gilashi ba. Ta dai dubi rediyon, ta ce a hankali ko a mayar baya kaɗan. Baba ya mayar. Ta sake tsallakewa.

A karo na uku, daidai wurin, Yaya ya buɗe baki ya rera. Da muryar murar nan da yake kwaikwayo don tsokana, amma wannan karon ba dariya. Ya kira sunan, ya kawo kunyar, ya kawo na bayan, bai bar kalma ba. Shekarun da ya yi yana ƙin waƙar, ashe ta zauna masa.

Kaka ta juya fuska wajen gilashi. Can ta ce, "Ka yi sauri da yawa. In an juyo ka ja shi."

Daga ranar, duk tafiya Yaya ne ke cika wa Kaka wurin, har ya yi gemu. Kaset ɗinsa kuwa ba mu taɓa jin ta a motar nan ba.

Yanzu ɗana ke kai mu Yamai, cikin mota mai sanyi. Kowane yaro da waya a kunne, kowa da kiɗansa, ba mai damun wani. Ni nake zama jikin ƙofa. Wani lokaci sai in ji ina rera waƙar ƙasa-ƙasa, kuma in na zo wurin sai in tsaya in jira. Ba wanda ya ji, balle ya cika mini.