Malama Zuwaira ba ta zuwa taro

Duk Gwale an san Malama Zuwaira da abu biyu: bin gidaje da kafewa. A shekarar da soja suka miƙa mulki, wasu likitoci masu binciken yaran da ba sa magana suka ɗauke ta aiki, don namiji ba ya wuce zaure. Ita ke shiga, ta zauna da iyaye mata, ta yi tambaya, ta kawo amsa.

A Shahuci ta sami Mardiya, 'yar shekara tara, a kulle a ɗaki. Dangi sun ce aljanu ne. Zuwaira ta lura ƙara ce yarinyar ba ta jurewa, ko awarwaron hannu ya yi motsi sai ta toshe kunne. Shekara guda tana lallashin uwar, Dije, kafin aka bar Mardiya ta fara zuwa wani ɗan aji marar hayaniya da likitocin suka buɗe. Har ta soma murmushi.

Sai ga sabon kansila, babbar riga tana jan ƙasa, wai zai ƙaddamar da ajin.

"Ranka ya daɗe, don Allah ban da kiɗa," in ji Zuwaira.

"Haba Malama, mulkin farar hula ne fa. Taro ba kalangu?"

Ranar aka kafa rumfa, aka kunna lasifika, maroƙa suka cika layi. Mardiya ta faɗi tana kurma ihu, tana buga kai da ƙasa. Wata ta ce aljanun sun tashi, a kawo hayaƙi. Ƙattai da gemunsu suna ɗage don su leƙa, wasu har da dariya. Kansila kuwa, kunya ba ta ishe shi ba, ya dafa kan yarinyar ya ce wa mai hoto ya ɗauka. Hoton nan aka liƙa a bangon unguwa. Tir!

Dije ta saɓi 'yarta, ta dubi Zuwaira ta ce, "Malama, abin da kika fito min da ita ta zama ke nan?"

Zuwaira ba ta bar aikin ba, yara da yawa sun fito ta dalilinta. Amma ko ɗaurin aure ne, in ta hango rumfa sai ta juya. Mardiya ta girma, ba ta ƙara taka zaure ba. Duk Juma'a Zuwaira takan je gidansu, ta cire awarwaronta a bakin ƙofa, ta shiga ta zauna kusa da ita shiru.